Wasiƙa Zuwa Ga Masu Horar Da 'Yan Ƙwallo A Makarantun Sakandare Na Amurka

Ya ku 'yan'uwana masu horarwa,

Ba na musun wahalar da kuke sha a wannan ƙwallo taku ta runguma da ture, tun daga zafin watan Agusta har sanyin Disamba, alhali yawancinku kuna riƙe da aji da rana kuna koyarwa. Allah ya saka. Sai dai akwai wata al'ada da ta yaɗu a tsakaninku wadda ta daɗe tana ci mini rai, ita ce idan aka fitar da ƙungiya a zagayen sili-ɗaya-ƙwale, sai koci ya rubuta sakamakon wasan da manyan lambobi ya kafa a bangon ɗakin sa kaya, ya riƙa nuna wa yara fim ɗin kuskuren da aka yi shekara guda cur, har waɗanda ba su ma shigo makarantar ba lokacin da abin ya faru su tashi suna jin kamar akwai bashi a wuyansu.

Ku dubi Massillon ta jihar Ohayo. Tun da aka soma wasannin sili-ɗaya-ƙwale a jihar a 1972, sau shida suna isa wasan ƙarshe ana doke su, a 1980 da 1982 da 2005, sa'an nan shekaru uku a jere daga 2018 zuwa 2020, kuma kambun bai zo hannunsu ba sai a 2023, da suka ci Archbishop Hoban da 7 da 2. To, ina tambayarku tsakani da Allah, yaron da ya shiga fili a 2020 yana ɗan shekara goma sha bakwai, mene ne alhakinsa a kan kayen da aka sha a 1980, tun iyayensa suna ƙanana? Ko a shari'a ba a kama ɗa da laifin uba. Amma duk garin da kaye ya maimaitu, sai ku ji manya suna cewa la'ana ce ke bin ƙungiyar, ku kuma maimakon ku kore wannan camfi, sai ku ɗauke shi ku mai da shi bulala.

Hasali ma tsarin gasar da kansa ya hukunta cewa kowace ƙungiyar da ta shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale sai ta rufe shekararta da kaye, in ban da guda ɗaya tak. Wani kayen kuwa babu mai hankalin da zai kira shi sakaci. A 1994, a jihar Tekzas, John Tyler tana gaban Plano East da 41 da 17 saura kamar minti uku a tashi, yaran Plano East suka yi ta maza har suka koma gaba da 44 da 41, sai kuma wani ɗan wasan John Tyler ya cafe ƙwallon da aka bugo ya ruga yadi 97, aka tashi 48 da 44. Wanda ya rataye waɗannan lambobi a bango don ya kunyata yaran nan, lalle ya zalunce su, domin sun yi abin da manya ba su iya yi ba.

Ina tuna magabata da kewa. Paul Brown ya riƙe Massillon daga 1932 zuwa 1940, ya ci wasa 80, aka ci shi 8, ya yi kunnen doki 2, kuma abin da aka san shi da shi shi ne mai da wasan darasi, a zauna a karanta shi kamar ilmi. Fim kayan koyarwa ne, a ga inda ƙafa ta zame a gyara. Yaushe ya zama kayan tozarta ɗan mutane a gaban tsaransa?

Na san ku ma a matse kuke. H. G. Bissinger ya ba da labarin Permian ta garin Odessa a littafinsa Friday Night Lights, yadda a 1988, da Midland Lee ta ci su da maki ɗaya, mutanen gari suka kafa allunan sayar da gida a ƙofar kocinsu Gary Gaines, sa'an nan Dallas Carter ta fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe da 14 da 9. A wannan shekarar ce kuma zakaran ƙungiyar ya ji rauni a gwiwa tun kafin a fara gasa, aka mai da shi fili da takalmin gwiwa, bai kai ƙarshen shekara ba ya bar wasan, jami'o'in da ke zawarcinsa suka janye. Wannan ita ce hasarar da ta cancanci a yi mata kuka, kunya ce kuwa a ce lambobi sun fi ta zama a zukata! Gari ya matsa muku, ku kuma ku sauke nauyin a kan wanda ya fi kowa rauni, wannan cin amana ne, ko da wane suna kuka kira shi.

Ku gafarce ni in harshe ya yi kaifi, ƙauna ce ta kawo haka. Roƙona dai, kafin a buɗe atisayen bana ku sauke allunan nan daga bango, kuma duk yaron da likita bai sallama ba, ku bar shi a benci ko da wasan ƙarshe ne.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon malamin wasanni