Takalmin Lahadi

Ran Litinin da ta wuce mun tsai da yara a layi domin duba farce da haƙora kamar yadda muka saba, sai muka ce yau kam bari mu dubi ƙafafu. Yaran da muka gani ran Lahadi a majami'a cikin takalma masu sheƙi, ga su nan da yawa ƙafa ba kome. Muka tambayi wani ɗan aji uku ina nasa. Ya ce, "Malam, Mama ta kulle a akwati, wai kada ya lalace kafin Kirsimati."

Ba mu ga laifin uwar ƙwarai ba, gama mun san abin da kuɗin takalmi yake yi wa aljihu. Mu ma haka aka goye mu. Amma fa daɓen majami'a sharare yake, ba ƙaya, ba ƙazanta. Inda ƙafa take bukatar tsaro, watau hanyar rafi, da bayan gida, da gona, can ne muke aiken yaro ba takalmi.

Akwai wata tsutsar ciki mai ƙugiya a baki wadda ba ta jiran a ci ta cikin abinci. Wanda yake da ita in ya yi bayan gida a fili, ƙwayayenta sukan ƙyanƙyashe cikin ƙasa mai laima da ɗumi. 'Ya'yan ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Da yaro ya taka wurin sai su huda fatar ƙafarsa, su bi jini har huhu, su hau maƙogwaro, ya haɗiye su bai sani ba. Daga nan sai su kama bangon hanji suna shan jini. Abin da za a gani tun farko bai wuce ɗan ƙaiƙayi tsakanin yatsu ba. Bayan watanni yaro ya soma gyangyaɗi a aji, ba ya iya guje-guje da 'yan'uwansa, in an ja fatar idonsa ta ƙasa a gan ta fari fat. Sau da yawa mu malamai mukan ce ragwanci ne, har mu ɗauki bulala, alhali kuwa jini ne babu. Magani yana nan a ɗakin shan magani, ba shi da tsada, amma in yaron ya koma taka wurin nan ba takalmi, tsutsar za ta komo. Mata masu juna biyu su ma su lura da wannan, domin jininsu na mutum biyu ne.

Ga manya kuma akwai zancen gona. Kububuwa, wadda ake yi wa kirari da gobe da nisa, takan kwanta ƙarƙashin ciyawa ko dami, mafi yawan saranta kuwa a ƙafa ne da idon sawu. Dafinta yakan hana jini daskarewa, har dasashi ya riƙa zub da jini. A Kaltungo ta Jihar Gombe akwai asibiti musamman domin saran maciji, manoma kuwa sun fi cika shi lokacin noma da girbi. Dogon takalmin roba yana da zafi, gaskiya ne, amma kuɗinsa bai kai na jiyya ba. In kuwa sara ya auku, kada a tsaga, kada a ɗaure tam. A kai mutum asibiti nan da nan.

In za a saya wa yaro takalmi, a tafi da shi kasuwa, ya gwada duka biyu yana tsaye. Da yamma ya fi, gama ƙafa takan ɗan kumbura da yini. A bar fili kamar faɗin babban yatsan hannu a gaba. Dabarar nan ta sayen ƙato domin ya shekara uku, a cusa tsumma a ciki, kanta da tuntuɓe take kawowa. Na gwanjo ba laifi in dunduniyarsa ba ta karkace ba, sai dai a wanke a shanya a rana. Wanda bai iya sayen rufaffe ba, ko silifa ma ya fi babu, muddin ana sa shi kullum.

Yanzu da hunturu ya shigo, kaushi da faso za su taso. A jiƙa ƙafa da dare, a goge da dutse a hankali, a tsane tsakanin yatsu, a shafa man kaɗanya. Tsofaffinmu masu ciwon suga kuwa, ciwon yakan kashe musu jin ƙafa, ƙusa ta soke su ba su sani ba sai gyambo ya kafu. Su kada su goge da dutse, kada su yanke kaushi da reza. Wani a gidan ya riƙa duba musu tafin ƙafa kowace yamma, ya zazzage takalmin kafin su sa, ko da tsakuwa ko kunama ta shiga.

Mun aika wa uwar yaron nan saƙo ta buɗe akwati. Litinin mai zuwa za mu sake duba layi.