Karatun Gida Ko Zaman Gida?



Akwai wata sabuwar magana da ta shigo unguwar nan tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, kuɗin komai ya tashi, har da kuɗin makaranta. Ka tambayi mutum, "Alhaji, ina yaran nan, kwana biyu ban ga sun wuce da kayan makaranta ba?" Sai ya gyara zaman hula ya ce maka, "Ai yanzu a gida ake koya musu. Turawa ma haka suke yi." To, yau a kan wannan "a gida ake koya musu" nake son mu yi wa juna gaskiya, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Kuma da ku nake, iyaye maza, ni ma ina cikinku.

Tambaya ɗaya nake yi: wa yake koya musu? Kai dai ka fita tun sallar asuba. In ɗan canji ne kana bakin titi har magariba. In ɗan gwari ne kana Sasa ko Bodija kana jiran motar tumatir da albasa. In mai shanu ne kana kara. Ba ka dawowa sai bayan isha'i, ka ci tuwo, ka watsa ruwa, ka kwanta. To da wane lokaci ka buɗe littafi? Abin da yake faruwa a zahiri shi ne an jibge yara huɗu ko biyar a kan uwarsu, cikin ɗaki ɗaya na haya, aka laƙaba wa abin suna makaranta. Ita ce girki, ita ce wanki, ita ce bin layin ruwa, ga goyo a baya, wata ma tana soya awara ko ƙosai don ta rufa maka asiri. Sannan ka ɗora mata lissafi da Turanci da ita kanta ubanta bai sa ta ba. Haba, Malam!

Kuma babu lokacin da asirin wannan abu yake tonuwa kamar bazara. Kowa ya san zafin Ibadan daga Fabrairu zuwa Afrilu, kafin ruwa ya zauna. Ba irin na Sakkwato ko Maiduguri ba ne da ma'auni yake haura digiri 40 amma iska a bushe take. Namu na nan zafi ne mai naso, gumi ya fito ya ƙi bushewa, riga ta manne a baya, da dare ma kwano bai huce ba. Yanzu ka dubi ɗakunan da yawancinmu muke haya: rufin kwano, wani babu silin, taga ɗaya, ita ma tana kallon bangon maƙwabci, risho ko gawayi a bakin ƙofa. An ɗauke wuta, fanka ta tsaya, janareto kuma ya zama kayan ado tun da litar mai ta fi ƙarfin talaka. Kai babba da kanka ba ka iya zama a ɗakin nan ƙarfe ɗaya na rana, shi ya sa kake ƙarƙashin rumfa a kasuwa kana shan ruwan sanyi. Amma kana so mu yarda cewa yaro ɗan shekara bakwai yana ciki yana haddace jadawalin sau. Wallahi ba ya yi. Ga abin da yake yi: da safe a aike shi ɗiban ruwa, da hantsi ya yi faɗa da ƙanensa, uwa ta gaji ta miƙa masa waya don ta samu lafiya, in caji ya ƙare ya sulale waje. Da la'asar za ka gan shi wajen gadar Mokola yana bin motoci. Ita kuma yarinya an ɗora mata tire, ta tafi talla cikin ranar da ko akuya inuwa take nema.

Kada wani ya ce na ce karatun gida haramun ne, ko baƙon abu ne a wurinmu. Ba Turawa suka koya mana ba. Zauren malam gida ne. Da yawanmu a zauren ubanmu ko kakanmu muka fara ba'u da sinu. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, tsarin karantarwa sukutum ta kafa, wato 'Yan Taru: ta horar da jajis, ta naɗa musu malfa, suna shiga ƙauyuka suna koyar da mata a cikin gidajensu. Mahaifinta kuma Shehu Usmanu, a littafinsa Nurul Albab, ya caccaki malaman da suke tara ɗalibai a waje alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. To amma ku duba da kyau. A duk waɗannan akwai malami da ya san abin da yake koyarwa, akwai lokaci tsayayye, akwai mai bin sawu ya ga an iya ko ba a iya ba. Yaro ba ya wanke allo sai ya biya, malam ya ji da kunnensa, sannan a yi masa ƙari. Wannan shi ne karatun gida. In babu waɗannan, zaman gida ne kawai, ko da an saya wa yaro jaka da fensir.

Ku lura kuma da hikimar magabata a kan zafi. Makarantar allo ba ta taɓa yin kokawa da rana ba. A yi karatu bayan asuba zuwa hantsi, a tashi. A dawo bayan azahar ko la'asar a ƙarƙashin inuwa. Da dare a kunna wuta a tsakar fili a yi tilawa. Alhamis da Juma'a a huta. Mutanen da ba su da fanka, ba su da firji, sun san cewa ƙwaƙwalwar yaro da sanyin safiya take buɗewa. Mu kuma da muke taƙamar wayewa, sai mu bar yaro ya yi barci har ƙarfe tara saboda zafi ya hana shi runtsawa da dare, sannan a ce ya ɗauko littafi lokacin da kwano ya fara ƙara.

Na san uzurorin da ake kawowa, don ina jin su a shago, ina jin su a ƙofar masallaci in na idar da salla.

Na farko, babu kuɗi. Gaskiya ne, rayuwa ta yi tsada, ba wanda zai musa. Amma makarantar gwamnati fa? Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko, firamare shida da ƙaramar sakandare uku, kyauta ne kuma dole ne, ta kuma ɗora wa uba alhakin kai ɗansa. Eh, akwai yunifom da takalmi da ɗan abin da ba a rasa ba. Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya: da yawa ba rashin kuɗi ya hana su ba, girman kai ne. Mutum ya saba ana cewa yaransa suna makarantar kuɗi, yanzu ya kasa biya, ya ga kai su ta gwamnati zubar da daraja ne, gara ya ɓoye su a ɗaki. Kuma mutumin nan da ya ce ba shi da kuɗin zango, ka bincika kuɗin datar da yake zubawa a waya duk wata, ka bincika ankon bikin da aka yi a gidansa, ka bincika ɗinkin salla. Wanda da gaske ba shi da shi, wannan haƙƙinsa yana wuyanmu, zan zo kansa.

Na biyu, wai makarantar ma zafi gare ta. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya. Wasu masu makarantun kuɗi sun kama shago ko gidan haya, sun cusa yara kamar buhunan albasa, babu taga, babu ruwan sha, ban ɗaki ɗaya, kuma duk zango sai an ƙara kuɗi. Su ma su ji tsoron Allah. Amma maganin wannan shi ne iyaye su haɗu su je su ce a fasa taga, a ajiye randa, a daina tsayar da yara a rana. In an ƙi, a canza makaranta. Ba a gudun zafin aji a koma zafin ɗaki, ga shi babu malami.

Na uku, wai makaranta tana lalata tarbiyya, yaro zai haɗu da waɗanda ba addininmu ɗaya ba. To wayar da ka bari a hannunsa daga safe zuwa yamma, ita wace tarbiyya take ba shi? Ka san abin da yake kallo a TikTok? Malamar aji ko ba Musulma ba ce, ka san fuskarta, kana iya zuwa ka same ta. Wanda yake cikin waya fa, ina za ka same shi? Kuma mun gwada wannan zama mun gani. A 2020, lokacin korona, an rufe makarantu wata da watanni. Kowane uba a unguwar nan ya ga yadda yaransa suka koma: wanda ya iya karatu ya manta, wasu kuma tun daga lokacin ba su sake komawa aji ba, sun shige acaba da dako.

'Yan'uwa, ku tuna inda muke zaune. Sabon nan tun 1916 aka yanka wa kakanninmu ita, suka zo da fataucin goro da shanu. Sama da shekara ɗari ke nan. A garin nan aka buɗe jami'ar farko a Nijeriya a 1948, mota ɗaya ce daga Mokola. A garin nan gwamnatin Awolowo ta fara ilimin firamare kyauta a 1955. Maƙwabtanmu Yarbawa, mai sayar da barkono za ta ci bashi ta biya wa ɗanta jarrabawa, ba ta jin kunya. Mu fa? Je ka asibiti ka ƙirga likitoci da nas-nas 'yan Sabo. Je ka kotu ka nemi lauya ɗan unguwar nan. Lokacin rikicin kasuwar Sasa a Fabrairun 2021, da aka yi asarar rayuka da dukiya, kowa ya ga amfanin mutumin da zai iya tsayawa gaban hukuma ya yi bayani da Turanci da Yarabanci, ya rubuta takarda, ya bi ta ofis-ofis. Yaron da aka kulle a ɗaki ba ya jin komai sai Hausar uwarsa, yaushe zai zama wannan mutumin? Mu da muke zaman baƙunta mun fi kowa bukatar takarda, domin ba mu da gona a nan da za mu bar wa yaro.

To mene ne abin yi? Wanda yake da halin mayar da yaransa makaranta, ya mayar da su wannan zangon, kada ya ce sai bayan salla, sai an yi ruwa, sai kasuwa ta buɗe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wanda kuma ya dage sai karatun gida, to ya yi shi da haƙƙinsa. Ya zauna da yaransa da kansa bayan asuba, ko minti talatin ne, kafin ya fita. Kasuwa ba za ta gudu ba. Gidaje uku ko huɗu su haɗa kuɗi su ɗauki malami guda. Muna da samari da 'yan mata da suka gama sakandare, wasu har da NCE, suna zaune babu aiki. A yi karatu daga bakwai zuwa goma na safe, a sake zama bayan la'asar kafin Islamiyya ko bayanta. Tsakar rana a bar yara su yi wanka su kwanta. A fitar da su daga ɗakin kwano zuwa baranda ko inuwar bishiya, a ajiye tulu kusa da su, kada a jira sai yaro ya ce yana jin ƙishi. In zawo ya kama shi a wannan zafi, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a kai shi asibiti. Yaron da jikinsa ya yi zafi rau, ya galabaita ko ya fara sambatu, a jiƙa shi da ruwa a garzaya da shi, ba a tsaya ana shafa masa man zafi ba. Duk ƙarshen wata a samu wani malamin makaranta ya gwada su, a ga ina aka kwana. Kuma tun yanzu uba ya je ya tambayi yadda yaronsa zai zauna jarrabawar shiga sakandare, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu kuma masu kula da masallatai, ga namu. Barandar masallatanmu tana nan a share, da inuwa, da tabarmi, da ruwa, a kulle daga asuba har azahar. Me zai hana a buɗe ta wa yaran da ba su da wurin zama? Masu hali da suke gasar sa tayil da sababbin lasifika, a cire wani abu a biya wa marayu da 'ya'yan marasa ƙarfi yunifom da littattafai. Ina roƙon Mai Martaba Sarkin Sabo da masu unguwanni su sa a bi gida-gida a rubuta sunan duk yaron da ba ya zuwa ko'ina, a kira ubansa a ji dalili. Wanda rashi ne a taimaka masa, wanda sakaci ne a faɗa masa a gaban mutane.

Iyaye mata, ku yi haƙuri, kuma ku daina rufa wannan asiri. In maigida ya ce ke ce malama, ki ce masa ba za ki iya ba, ya nemo mai iyawa. Faɗin haka ba rashin biyayya ba ne.

Kowa ya san hadisin kiwo, kuma kowa ya san za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Ranar nan ba za a karɓi "a gida ake koya musu" ba, sai an ga abin da aka koya. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya kawo mana damina mai albarka, Ya zaunar da Sabo da garin Ibadan lafiya. Wassalamu alaikum.