Wuta a Bakin Amya, Sukari a Cikin Kwalba

Jama'a, Hausawa sun ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. To, mai cusa wuta a cikin amya fa, ina ya ji tokar ƙudan zuma ke kuɗi?

Mu Hausawan Kamaru, daga Ngaundere har Birketiri a Yaunde, an san mu da fataucin zuma. Tudun Adamawa na daga cikin manyan wuraren samunta a ƙasar nan. Da rani, idan itatuwa suka yi fure, ƙudan zuma kan cika saƙa, su liƙe bakin kowane gurbi da kaki. Wannan liƙewar ita ce shaidar nunar zuma. Wadda aka ɗeba kafin nan ruwa ya yi mata yawa, kuma ba ta daɗewa sai ta yi kumfa ta yi tsami.

Amma mai gaggawa ba ya jira. Sai ya hau bishiya da dare da bakin wuta, ya babbake sarauniya da 'ya'yanta, ya matse saƙar har da tsutsotsi. Waɗanda suka tsira su ƙaura, amya ta zama kango. Alhali hayaƙi kaɗan ya isa ya lafar da su, a yanki rabo, a bar musu na cin damina. Daga nan kuma wani dillali ya narka sukari ya ƙara, ya ce wai mai saye ne ke son araha. Ƙarya ce! Mai neman zuma don jaririn tari ko tsohuwa mai jinya, amana ya zo saye.

Mu dubi mutanen Oku. Farar zumarsu ta dajin Kilum-Ijim ta samu rajistar kariyar suna a 2013, ga ta da kauri har tana daskarewa. A kasuwanninmu kuwa, da zarar zuma ta daskare sai a ce sukari ce, a rungumi ta algus mai tsinkewa.

Mu baƙi ne a idon wasu, jarinmu kuwa sunanmu. Ran da aka ce zumar Bahaushe sukari ce, har mai goro sai ya ji a jikinsa. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa su hana wa mai algus rumfa, mu kuma mu ƙi sayen zumar da ke warin ƙuna.