Mai Yi Wa Rubutun Yara Dariya, Wa Ka Koyar?

'Yan uwa na Kotobabi, Nima, Mamobi da sauran zangunan Akra.

Akwai wata ɗabi'a da ta yaɗu a tsakanin masu iliminmu, kuma lokaci ya yi da za a faɗe ta ba tare da kara ba. Yaro ko yarinya za su daure su rubuta labari ko nasiha da Hausa, su fitar wa jama'a. Sai wanda Allah Ya ba ilimi ya karanta, ya tuntsire da dariya, ya ce wannan ai ba Hausa ba ce: an rubuta "yarinya ya zo", an rubuta "kasa" inda ake nufin ƙasa, an cusa Turanci da Tuwi. Ya gama dariyarsa ya wuce. Yaron kuwa ya ji kunya, gobe sai ya koma rubutu da Turanci. Mun yi asarar marubuci ke nan, mai dariyar kuma bai ƙaru da komai ba.

Muna tambaya: a ina yaron nan zai koya? Hukumar Harsunan Gana tana aiki da harsuna 11, akwai Ga da Ewe da Dagbani da Gonja, babu Hausa. A makarantar gwamnati ɗan Nima yana koyon rubuta Turanci da Ga ko Tuwi. A makarantarmu ta allo yana koyon karatun Alƙur'ani da Larabci. Hausa dai a baki ya same ta, wajen uwa da kasuwa da filin ƙwallo. Wanda ba a taɓa nuna masa ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ ba, yaya za a zarge shi don bai sa ta ba? Laifin yana wuyan wanda ya sani ya yi shiru.

Magabatanmu a ƙasar nan ba haka suka yi ba. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna a Salaga, bayan yaƙin basasar 1892 ya koma Kete-Krachi, inda ya rasu a 1934, Allah Ya jiƙansa. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausar ajami, ya rubuta tarihi, ya kuma wallafa littafi sukutum a kan yadda ake tsara wasiƙa, domin mai koyo ya sami abin dubawa. Almajirai sun yi ta zuwa zaurensa daga nesa. Har Bajamushe, Adam Mischlich, ya zauna gabansa ya ƙaru da Hausa. Idan malami irin wannan bai ga ƙasƙanci ba wajen koya wa baƙo, mu su wane ne da za mu ƙyamaci 'ya'yan cikinmu?

Ko a ƙasar Hausa kanta, marubuci ba ya faɗowa daga sama. Abubakar Imam ya shiga gasar rubutu ta 1933 da Ruwan Bagaja, sannan ya zauna a Zariya tare da Rupert East suna bin rubutu layi-layi kafin Magana Jari Ce ta fito. A Kano, marubutan ƙungiyar Raina Kama sun riƙa tallafa wa juna har littattafansu suka cika kasuwa. Kowane alƙalami da ake yabo, akwai hannun da ya fara riƙa shi.

Wasu za su ce babu lokaci, wasu su ce sai an sami ƙungiyar da za ta biya kuɗin zama. Wannan uzuri bai karɓu ba. Malamin da ya koya mana alifun ba'un, nawa muka biya shi ban da kuɗin Laraba? Awa ɗaya bayan la'asar ranar Asabar, a zaure ko a ajin Islamiyya, ba za ta talauta kowa ba.

Ga abin da muke kira a yi. Duk wanda ya iya rubutun Hausa, malami ne ko malama, ɗan jarida ko ma'aikaci mai ritaya, ya ɗauki matasa biyu ko uku. Ya karanta rubutunsu har ƙarshe kafin ya ce uffan. Ya fara da abin da suka yi daidai, sannan ya gyara abu biyu ko uku kawai a zama ɗaya, kuma a keɓe, domin gyara a bainar jama'a tonon silili ne. Ya nuna musu daidaitacciyar Hausa ba tare da ya sa su jin kunyar Hausar Zango ba, don ita suka sha a nono. Sannan ya tura su wajen dattawa su rubuto yadda aka kafa unguwanninmu da yadda aka yi fataucin goro.

Dattawan nan ba za su jira mu ba. Kowace jana'iza da muka raka maƙabarta, labari muke binnewa tare da mai shi. Idan yaranmu ba su rubuta ba, wasu za su rubuta mu da harshensu, yadda suka ga dama. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mai shirin yin dariya gobe, ya fara gaya mana sunan wanda ya koyar.

Allah Ya sa mu dace.