Zare: Wa ya koya maka babur, kuma cikin kwana nawa?

1/ Yau shekara ɗaya cif da haɗarin ƙanena. Na daɗe ina son rubuta wannan zaren ina fasawa, saboda akwai laifina a ciki. Amma jiya a ƙofar makaranta na ga wani yaro kan sabon babur, ko ledar kujera ba a cire ba, kai ba hula, ƙafa da silifas. Na ce bari dai in yi magana. 🧵

2/ Masu hawa babur a nan, ku faɗi gaskiya: wa ya koya muku? Yawancinmu wani yaya ne ko aboki, a filin ƙwallo, cikin yamma ɗaya. "Ga kulochi, ga giya, ga birki. Saki a hankali." Ka zagaya fili sau uku ba ka faɗi ba, shi ke nan, wai ka iya.

3/ Ni ma haka aka yi min, kuma haka na yi wa ƙanena. Da ya samu gurbin karatu, Baba ya saya masa babur na hannu saboda kuɗin mota ya yi tsada. Ya ce min, "Kai ka iya, ka koya masa." Bayan la'asar muka fita. Kafin magariba na miƙa masa makulli.

4/ Ban koya masa tsayawar gaggawa ba, don ni kaina ban iya ba a lokacin. Hular kwano kuwa ko zancenta ba mu yi ba. Sitika muka saya da sabon murfin kujera. Madubai ma ya kwance su, wai suna ɓata wa babur kyau. Ina kallo, har dariya na yi.

5/ Sati uku tsakani. Da safe zai tafi lacca, ya shiga wata kwana da ruwan sama ya tara wa yashi a kan kwalta. Mai adaidaita da ke gabansa ya tsaya ba sigina. Ya damƙe birkin gaba, tayar ta zame, kansa ya bugi gefen kwalbati. Waɗanda suka gani sun ce ba gudu yake ba.

6/ Da kansa ya tashi, ya kakkaɓe wando ya ce ba komai. Ya dawo gida ya ce kansa na ciwo, ya sha magani ya kwanta. Da azahar ya fara amai. Can Umma ta je tashinsa, ya ƙi tashi. Ashe tun safe jini ke taruwa a cikin ƙoƙon kansa.

7/ An yi masa aiki. Kwana 9 bai san wanda ke kansa ba. An sayar da babur ɗin, Umma ta sayar da 'yan kunnenta. Alhamdulillahi yana raye, amma kunnensa na hagu ba ya ji, in ya karanta shafi sai ya maimaita sau uku kafin ya zauna masa. Ya rasa shekara guda ta karatu.

8/ Abin da ya fi tsaya min: likita ya tambayi Baba, "Yana sanye da hula?" Baba bai amsa ba, ya juyo ya dube ni. Bai taɓa yi min faɗa a kan maganar ba har yau. Da ma faɗan ya yi, da ya fi min sauƙi.

9/ To ga ra'ayina, wanda ya ji haushi ya yi haƙuri: duk wanda ya miƙa wa sabon mahayi makulli ba tare da koyarwa ta gaske da hula ba, yana da kaso a abin da ya biyo baya. Uba ne, yaya ne, aboki ne, ko mai ba da babur haya. Ni na farko a jerin.

10/ Sa babur ya tafi shi ne mafi sauƙi a cikin tuƙi, ɗan shekara 12 ma zai iya. Wahalar tana wajen tsayawa, da kaucewa, da hango abin da zai faru kafin ya faru. Filin ƙwallo ba ya koyar da waɗannan, don babu tirela a cikinsa, babu akuya, babu mai adaidaita.

11/ Ɗan lissafi kaɗan. In kana gudun kilomita 60 a awa, kana cin kusan mita 17 duk daƙiƙa ɗaya. Ka kalli waya na daƙiƙa 2, ka yi tafiyar sama da mita 30 ba ka ga hanya ba. Kuma in ka ninka gudu sau 2, tazarar da birki ke buƙata ninkuwa take sau 4.

12/ Birkin gaba shi ne mai ƙarfin tsayarwa, ya fi na baya nesa. Amma a hankali ake matsa shi, ana ƙarawa, tare da na baya, babur yana miƙe. In ka damƙe shi lokaci ɗaya kana cikin kwana, ko a kan yashi, tayar gaba za ta zame. Abin da ya kayar da ƙanena ke nan.

13/ Wasu kuma tsoron birkin gaba aka koya musu gaba ɗaya, "kar ka taɓa shi, kayar da mutum yake." Sai su dogara da na baya kaɗai, ranar da aka zo tsayawar gaggawa tayar baya ta kulle, babur ya ci gaba da ja har ya shige bayan mota. Duka biyun rashin koyarwa ne.

14/ Sauran abin da ya kamata a koya kafin a hau titi: rage gudu KAFIN kwana. Ka kalli inda kake son zuwa, don babur idonka yake bi. In ba ka ganin direban tirela ta madubinsa, shi ma ba ya ganinka. Kar ka ratsa ta gefen babbar mota tana shirin shan kwana.

15/ Ɗaukar mutum ma darasi ne daban. Nauyi ya ƙaru, birki ya ƙara nisa, babur ya canza hali. Wanda ya koya jiya bai kamata yau ya ɗauki ƙanwarsa zuwa islamiyya ba. Kuma madubi ba ado ba ne, don Allah ku mayar da su.

16/ Yanzu hula. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29, wato mu. Ta kuma ce sa hular kwano yadda ya dace na rage haɗarin mutuwa fiye da sau 6, da raunin ƙwaƙwalwa da kusan kashi 74 cikin 100.

17/ Yadda take aiki: ɓawon waje yana baza bugun ya hana wani abu huda kai. Farin soso mai tauri da ke ciki shi ne ke murƙushewa ya shanye ƙarfin bugun, maimakon ƙwaƙwalwa ta shanye. Shi ya sa hular da aka taɓa faɗuwa da ita sosai ta gama aikinta, ko ba ta tsage ba.

18/ Kuma ba kowace roba ce hula ba. Hular 'yan gini an yi ta ne don bulon da zai faɗo daga sama. Ka duba mai soso mai kauri a ciki, mai tambarin ECE ko DOT, ka kuma lura don akwai sitika ta bogi. In ta yi sakayau kamar kwanon roba, ajiye ta.

19/ Ta kama kanka daidai, ba ta rawa in ka girgiza kai. Sannan ka ɗaure igiyar haɓa. Hular da ba a ɗaure ba ita ke riga ka isa ƙasa. Mai rufe haɓa da baki ta fi, saboda haɓa na cikin wuraren da ke yawan buguwa in an faɗi.

20/ Na san uzurorin, don duk na yi su. "Zafi." Gaskiya ne, hula a watan Afrilu ba daɗi. Akwai masu ƙofofin iska, kuma da babur ya fara tafiya zafin na raguwa. Na kwana a barandar asibiti a zafin nan, na san wanda ya fi.

21/ "Tsada." Wanda ya iya haɗa kuɗin babur zai iya haɗa na hula, a lissafa su tare tun farko. Hoton ƙwaƙwalwa ɗaya da aka yi wa ƙanena ya fi kuɗin hula mai kyau, kuma ba sau ɗaya aka yi ba.

22/ "Nan kusa zan je." Kwanar da ya faɗi, daga ƙofar gidanmu ana hango ta. "Za a yi min dariya." E, za a yi. Ni ma abokaina ɗan sama jannati suke ce min. Sati biyu suka gaji, yanzu biyu cikinsu sun sayi tasu.

23/ Sai babban: "Tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Na yi imani da ƙaddara, kuma na karɓi abin da ya same mu. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa mai tawakkali sai ya ɗaure raƙuminsa tukuna. Muna kulle babur da kwaɗo biyu don ɓarawo, ba wanda ya ce a bar wa ƙaddara.

24/ Manya za su tuna 1 ga Janairun 2009, lokacin da FRSC ta fara tilasta sa hular kwano. Wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya da bokitin fenti a ka, har labarin ya zaga duniya. Mun ɗauki hula a matsayin hanyar kauce wa tara. Har yau da yawa a hannun babur suke rataye ta sai sun hango jami'i.

25/ Ban da kai, akwai sauran jiki. Takalmi rufaffe, ba silifas ba. Safar hannu, don tafin hannu ke fara taɓa ƙasa. Dogon wando mai kauri, wanda salansa ta taɓa ƙona ya san dalili. Da dare ka sa abu mai haske, ka tabbata fitilar baya na aiki.

26/ 'Yan uwa mata, wannan naku ne. Kafin babur ya tashi ku tattare hijabi da abaya da mayafi, kar su sauka kusa da taya ko sarƙa. In taya ta naɗe su, fizgo mutum take ta baya. Maza masu babbar riga, ku ma haka. Kuma kan fasinja ma kai ne, yana buƙatar hula.

27/ In an faɗi a gabanka: kar a ɗaga mutum ana jijjiga shi, a riƙe kai da wuya a miƙe. Kar a fizge masa hula in yana numfashi. Kar a ɗura masa ruwa. A kira 122, layin gaggawa na FRSC, ko 112. A ajiye ɗaukar bidiyo.

28/ Kuma duk wanda kansa ya bugu, ko ya tashi yana dariya, a kai shi asibiti. Amai, ciwon kai mai ƙaruwa, yawan barci, ruɗewa, jini ko ruwa daga kunne ko hanci: ba a jira gari ya waye. Mu awa biyar muka ɓata muna cewa barci yake.

29/ Abin da nake roƙo. Iyaye da yayye: hula ta zo rana ɗaya da babur, makulli kuma ya jira sai an yi makonni ana koyo. Akwai lasisin babur, rukunin A, a nema. Ƙungiyoyin ɗalibai: ku gayyato FRSC farkon kowane zango, ku ware Asabar ɗaya a fili a koya wa sababbi birki.

30/ Ni dai bayan haɗarin na je wurin wani dattijo da ya yi shekaru yana acaɓa, na ce, "Baba, a koya min daga farko." Ya jera duwatsu a fili, ya sa ni tsayawar gaggawa har hannuna ya yi tsami. Shekara 5 ina hawa babur, ranar na gane ban iya tsayawa ba.

31/ Kafin in saki zaren nan na karanta wa ƙanena, ya ce in saka, in kuma ƙara cewa shi ya kwance madubin ba ni ba. Na ƙara. In akwai wanda ka koya wa babur cikin yamma ɗaya, tura masa wannan, ka kira shi ku koma fili. Allah Ya tsare mu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.