A Auna Hatsari Kafin A Ɗauko Mari

A Dawce da sauran garuruwan yankin Matamaye na jihar Damagaram, da zarar an ce wane ya samu taɓin hankali, tambayar farko da ake yi ita ce ko yana duka. Tambayar tana kan hanya, don kowa yana son 'ya'yansa su kwana lafiya. Matsalar ita ce sau da yawa ba a jiran amsarta. Sai a ɗauko mari ko turu, a ɗaure mutum a gindin itace ko a ɗakin da ba taga, ƙarfe yana cin idon sawunsa har ya yi gyambo. Abin da ya kamata a duba shi ne halin da mutumin yake ciki yau, domin sunan ciwon kaɗai ba ya nuna wanda zai cutar da wani.

Bincike ya daɗe da tabbatar da haka. A 1998 binciken MacArthur a Amurka ya bi sawun mutanen da aka sallama daga asibitocin ƙwaƙwalwa, ya gano cewa waɗanda ba sa shaye-shaye ba su fi maƙwabtansu tayar da hankali ba. A Suwidin kuma, nazarin Fazel da Grann na 2006 ya nuna kusan laifi ɗaya ne cikin ashirin na cin zarafi ake iya jingina wa masu tsananin ciwon. Abubuwan da ke ɗaga hatsari sanannu ne: wanda ya taɓa raunata wani, mai shan Tramol ko wiwi ko sholisho, wanda ya daina shan maganinsa, wanda ya kwana da yawa bai runtsa ba, wanda ya kafe cewa wani takamaiman mutum ne ya yi masa sammu, ko yake jin murya tana umartarsa, alhali wuƙa ko adda na kusa da hannunsa. Matar da ke zaune shiru tana magana ita kaɗai ba ta cikin wannan sahu, kuma yi mata kuɗin goro da mai barazana zalunci ne. Irinta ma ita ce ake jifa a hanya, ake ci wa mutunci.

Za a ce wannan magana ce ta masu likita a ƙofar gida. Manomin Dawce da damina ta kama, ga yara ƙanana a tsakar gida, ga Damagaram da nisa, me zai yi in ban da ɗauri? Uzurin yana da nauyi, kuma wanda ya zaro makami dole a riƙe shi. Amma riƙon sa'o'i kafin a samu mota zuwa asibiti daban yake da ɗaurin shekaru. Mun ga ƙarshen wannan hanya a Daura, can ƙetaren iyaka, inda 'yan sanda suka fito da mutane daga wani gidan mari a Oktoban 2019, jikinsu duk tabo. Ɗauri yana ƙara tsoro da fushi, ga shi ba ya taɓa ciwon. Magunguna irin su haloperidol tsofaffi ne masu araha, kuma shirin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya an tsara shi ne don ma'aikacin ƙaramin asibiti ya iya gane ciwon ya fara magani. Addu'a da ruƙiyya ba su hana a haɗa da wannan.

Wasu kuma za su ce ai likitocin ma ba su san gaibu ba. Gaskiya ne. Wani babban nazari na 2012 ya nuna cewa cikin waɗanda ma'aunan ƙwararru suka ce suna da hatsari, ƙasa da rabi ne suka aikata wani abu, yayin da ma'aunan suka fi dacewa wajen gane marasa hatsari. Wannan hujja ce a kan ɗauri. In ƙwararre da kayan aikinsa yana kuskure haka, ina ga hukuncin da aka yanke cikin firgici da dare? Hatsari yana hawa yana sauka, don haka a riƙa sake dubawa.

Ina kira ga hukumomin lafiya na jihar Damagaram su horar da ma'aikatan asibitocin karkara kan waɗannan alamu, su ajiye magani a Matamaye da Dawce ba yankewa. Masu gari da limamai su sa baki a kai marar lafiya asibiti tun alamun farko, su kuma tambayi duk gidan da ke da ɗaurarre: me ya yi, yaushe, wane ma'aikacin lafiya ne ya duba shi?