Tayar Beljiyam: Don Ƙanƙara Aka Yi Ta, Ba Don Kwaltar Zakirai Ba

Akwai maganar da ta zauna daram a bakin direbobinmu, tun daga tashar Yankaba har Zakirai, har Ringim: wai tsohuwar tayar Beljiyam, wato ta gwanjon Turai, ta fi sabuwa. Ba a faɗinta da shakka. Direban Golf ya faɗa, mai faci ya gyaɗa kai, ɗan kamasho ya ɗora da rantsuwa. In ka nemi hujja, uku za a ba ka: sunan kamfanin babba ne, zanen tayar da zurfi, robar kuma da laushi, kana dannawa da farce tana lotsawa. Ni kuwa na ce waɗannan ukun ba shaidar lafiya ba ce. Sau da yawa su ne ke nuna cewa abin da ke hannunka taya ce da aka ƙera don dusar ƙanƙara, mai ita ya gama da ita, aka auno mana.

Ga yadda abin yake a can Turai. Bajamushen da ke da ƙaramar mota irin Golf yakan ajiye tayoyi kashi biyu, na bazara da na hunturu. Wajen Oktoba ya cire na bazara ya jingine a gareji, ya ɗaura na hunturu, sai wajen Ista ya mayar. Ba ƙwalisa ba ce. Tun Disambar 2010 dokar Jamus ta fayyace cewa ba a hawa titin da ƙanƙara ta rufe sai da tayar hunturu. Ita wannan taya, wadda kamfanin Nokian na ƙasar Finlan ya fara ƙerawa a 1934, an haɗa robarta ne yadda ba za ta sandare ba in sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7. Shi ya sa take da laushi. An kuma tsattsaga mata ƙananan layuka birjik a kan kowane haƙori, masu kama da zigzag, don su riƙa cizon ƙanƙara.

To yaushe rabon Zakirai da digiri 7? Ko a tsakiyar hunturunmu, da asubahin Janairu da ake kasa taɓa ruwan alwala, da wuya sanyi ya kai nan, kuma kafin hantsi ya wuce. Abin da muke da shi shi ne Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke taɓa digiri 40 a inuwa, kwalta kuwa ta ɗara haka nesa ba kusa ba. Robar da aka yi ta don ta yi laushi a ƙanƙara, in ta hau wannan kwalta sai laushin ya wuce kima. Haƙoran suna lanƙwashewa a kwana, motar ta riƙa yi wa direba wani irin lilo, zanen ya cinye da wuri, birki kuma ya ƙara tsawo. Ƙungiyar masu motoci ta Jamus, ADAC, ta gwada tayar hunturu a busasshen titi lokacin zafi, ta ga motar na ƙara mitoci da dama kafin ta tsaya. A wannan hanya tamu, inda gari ke manne da gari, gona manne da gona, akuya da amalanke da ɗan makaranta ke faɗo wa titi ba sallama, mitoci kaɗan ɗin nan su ne komai.

Muna sayen jibga-jibgan rigunan sanyin Turawa a gwanjo, amma ban taɓa ganin wanda ya zura ɗaya ya tafi gona a Afrilu ba, don wai ɗinkinta ya fi ƙarko.

Batun zurfin zanen ne ya fi ba ni takaici, don a nan ake cin mu da yaudarar ido. Dokar Turai ta yarda mota ta yi tafiya da taya har zanenta ya ragu zuwa milimita 1.6. Tayar bazara kan sha aiki har ta kusa nan kafin a yar da ita, saboda haka in ta iso gwanjo ta iso a suɗe, ba mai kallonta. Tayar hunturu kuwa tana daina amfani a ƙanƙara tun zanenta yana milimita 4. A Ostiriya ma doka ce, in ta gaza haka ba a lissafa ta cikin tayoyin hunturu. Ga shi kuma rabin shekara kawai take aiki, sauran watannin tana kwance a gareji, shekarunta na tafiya, zanenta na nan. Sakamakon haka, in aka zube tulin tayoyi a gaban shago, wadda ta fi kowace kyan gani, wadda hannun direba zai fara kaiwa gare ta, ita ce ta hunturu, kuma sau da yawa ita ce mafi tsufa. Ba sa'a ka yi ba, Malam. Tsarin can ne ya tace maka ita.

Ƙari a kan haka, daga Oktoban 2024 Jamus ta daina karɓar tayar da ke ɗauke da alamar M+S kaɗai a matsayin tayar hunturu, sai mai hoton dutse da ƙanƙara. Waɗanda wa'adin ya faɗa wa duk ƙirar kafin 2018 ne. Ba sai an buga ƙasa ba kafin a san inda irin wannan kaya yake nufa in ya rasa gida a Turai.

Duk wannan a rubuce yake a jikin tayar, ba a ɓoye ba. Ka sa a mirgino maka ita rana, ka goge baƙin man da aka shafa mata don ta yi sheƙi. Ka nemi hoton dutse mai kawuna uku da tauraron ƙanƙara a cikinsa. Ka karanta sunan: Alpin, WinterContact, UltraGrip, Blizzak, Winter Sport, Sottozero, duk sunayen tayoyin hunturu ne na manyan kamfanoni, kuma tayoyi ne nagari a inda aka yi su dominsa. Akwai tayoyin kowane yanayi da su ma ke ɗauke da hoton dutsen, waɗannan da sauƙi. Abin da ke raba su shi ne sunan da kuma yawan tsagar nan ta kan haƙora. Sannan ka bi layin da ya fara da DOT har ƙarshensa, za ka tarar da lambobi huɗu a ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2315, an ƙera ta a mako na 23 na 2015. Lanƙwasa gefen da hannu. In ƙananan tsage suka buɗe baki, robar ta mutu, ko da zanen zai haɗiye kan ashana. Leƙa cikinta ka ƙirga faci. Duba ƙasan zanen ko wuƙa ce ta sake sassaƙa shi, don akwai masu wannan sana'ar.

In ka yi haka, amsar da za ka ji daga mai shago ɗaya ce: “Haba Alhaji, rabu da lambar nan, Turawa ne da iyayinsu. Wannan ko shekara biyu sai ta yi maka.” Shi ba zai hau motar ba.

Masu kare ta suna da magana guda da ta cancanci a saurara. Sun ce ai a damina, a burjin ƙauyuka da laɓi, tayar nan ta fi kama ƙasa. Akwai ƙamshin gaskiya, don harafin farko na M+S laka yake nufi. Amma tsagar da aka yi don ƙanƙara, taɓo na cike ta nan take ta koma sumul. Kuma a yi lissafi: watanni nawa ne damina, kuma a cikin tafiyar yini, kilomita nawa ne a taɓo, nawa a kwalta? Wanda ya kafe a taɓo turawa ake yi a fito da shi. Wanda tayarsa ta yi bindiga yana tsala gudu da fasinja, wani labarin ne.

Ba ina cewa kowace tayar hunturu tana hawa kwalta za ta fashe ba. Abin da ke fasa taya haɗuwar abubuwa ne: tsufa, zafi, ƙarancin iska, da lodi. Mu kuwa huɗun nan a mota ɗaya muke haɗa su. Ɗauki Golf 3, wadda aka daina ƙerawa a Jamus tun kafin shekarar 2000 amma har gobe ita ce jakar hanyoyinmu. Tayarta ta asali irin su 175/70 R13 ce, da lamba 82 a gefe. Lambar nan na nufin kilo 475 ne iyakar abin da taya ɗaya za ta ɗauka. Motar kanta ta kai wajen tan ɗaya ba kowa a ciki. Sai a zuba mutum biyu a gaba ban da direba, huɗu a baya, a danna buhunan gero ko gyaɗa a but har murfin ya ƙi rufuwa a ɗaure da igiya. Mafi yawan wannan lodin a kan tayoyin baya yake sauka, kuma a nan ne direbobinmu ke sa mafi lalacewa, wai ai gaba ce ke jan mota. Su kamfanonin taya akasin haka suke cewa: masu kyaun a baya. In ta gaba ta saki, sitiyari na hannunka. In ta baya ta saki, gindin motar ne ke juyawa, ba abin da za ka riƙe.

Ga kuma al'adar sace wa taya iska in rana ta take, wai kada ta yi bindiga. Tayar da iskarta ta gaza ita ce gefenta ke ta lanƙwasuwa a kowane juyi, ta ɗau zafi, wayoyin ciki su rabu da roba. Adadin iskar da ta dace yana nan a takardar da ke manne a murfin tankin mai ko a jikin ƙofa, har da na ranar da aka yi lodi. Amma mai faci da ɗan ƙarfe yake ƙwanƙwasawa ya saurara, gejinsa ya daɗe da mutuwa.

Ranar 6 ga Maris 2016, ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, bayan tayar motarsu ta fashe. Daga nan Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta tashi haiƙan a kan tayoyin da suka wuce wa'adi, tana cewa shekara huɗu ne. An yi ta duba lambobi a bakin titi na ɗan lokaci, aka yi ta cacar baki, ƙura ta lafa. Abin da ya kamata a ce kowane direba ya fita da shi daga wannan gangami, wato gane hoton dutsen nan, har yau ba a san shi a tasha ba.

Sai samarinmu masu Golf ta gayu, waɗanda su ba haya suke yi ba. Nasu ciwon wili ne. A cire na ƙarfe mai inci 13 ko 14, a ɗaura na alminiyon mai inci 17, a naɗa masa siririyar taya. Lissafin ba wuya: gefen 175/70 ya kai milimita 122, na 205/40 kuwa 82 ne kacal. Wannan gefen shi ne katifar da ke tsakanin wili da rami. Ka rage shi, ka faɗa rami ɗaya bayan ruwan Agusta, taya ta yi ƙulu, wili ya tsage. Na ƙarfe in ya lotsa ana buga shi da guduma ya koma. Na alminiyon sai walda, kuma waldarsa ba amana. Abin dariyar shi ne, shi Bajamushen da ake kwaikwayo, in lokacin wahalar hanya ya zo, ƙaramin wili yake sa wa motarsa, galibi na ƙarfe, da taya mai tudun gefe. Namu hanyoyin kullum a lokacin wahala suke.

Na san abin da za a ce: talauci. Gaskiya ne, kuma ba na raina shi. Tun da aka cire tallafin mai aka saki naira a 2023, kuɗin sabuwar taya ya fi ƙarfin direban da ke biyan balas kowace yamma. Gaskiya ne kuma ba kowace sabuwa ce ta kirki ba. Akwai waɗanda ake cusa huɗu ko biyar cikin juna a kwantena don a rage kuɗin kwastam, su iso wayarsu ta riga ta karye. A nan ne ma maganar “Beljiyam ta fi sabuwa” ta samo asali, kuma tana da ranarta. Ƙasar da ke da robar kanta a kudu ta bari Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a Ikeja a 2008, ta koma sayen komai daga waje. Tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin jerin kayan da kwastam ta haramta shigowa da su, amma ga su nan tuli a kasuwannin Kano, a fili, da rana tsaka. Wannan ba laifin direban Zakirai ba ne.

Amma talauci bai hana karanta lamba huɗu ba. Wanda dole ta sa shi sayen tsohuwa, kuɗinsa ɗaya ne ko ta bazara ya ɗauka ko ta hunturu. Sau da yawa ma ta bazarar ta fi araha, tunda zanenta bai kai na waccan ɗaukar ido ba. Tayar bazara mai shekara uku mai rabin zane ta fi tayar ƙanƙara mai shekara tara da cikakken zane, a kan kwaltarmu, a kowane wata na shekara. Abin da ke hana mu ganin haka ba aljihu ba ne, maganar tasha ce da muka gada ba mu bincika ba.

Ƙungiyar direbobi na karɓar kuɗi a kan kowace mota da ta yi lodi. Tana da ikon hana mota layi in direba ya yi faɗa ko ya tsallake juyi. To ta sayi geji mai aiki guda ɗaya ta rataye a rumfar tashar Zakirai, ta zana hoton dutsen nan da fenti a bango, babba, ta sa ɗan kamashon da ke rubuta lambar mota ya riƙa sunkuyawa yana duba tayoyin baya kafin ya kira fasinja.